Sankarar bututun maɗaciya: Rawar da matsi da tauri ke takawa

An daɗe ana danganta cutar sankara da lalacewar sinadaran gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam. To amma binciken da aka gudanar tun daga farkon shekarun 2000 ya nuna cewa ƙwayoyin na jin matsi, da ja, da kuma taurin wurin da suke zaune, kuma abin da suka ji ɗin kan sa su hayayyafa ko su dakata.

Ɗaya daga cikin cututtukan da wannan batu ya fi fitowa fili a kansu ita ce sankarar bututun da ke ɗauke da ruwan maɗaciya daga hanta zuwa hanji, wadda likitoci ke kira cholangiocarcinoma.

Cuta ce da ba kasafai ake samunta ba a yawancin ƙasashen duniya, amma tana cikin masu saurin kisa. Likitocin fiɗa kuma sun san ta da wata siffa guda, wato tauri, domin kuwa ƙullutun kan zama fari-fari mai ƙarfi a ƙarƙashin wuƙa, saboda galibinsa tabo ne, ƙwayoyin sankarar kuma na warwatse a cikinsa.

Wace irin cuta ce?

Hanta na samar da abin da ya kai rabin lita ko fiye na ruwa mai ɗaci a kowace rana, wanda ke taimakawa wajen narkar da kitse a hanji. Ruwan na bi ta cikin ƙananan magudanai da ke haɗuwa da juna kamar rassan bishiya, har su zama babban bututu guda. Maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, ma'ajiya ce kawai da ke gefen wannan hanya.

Cikin magudanan a shafe yake da wasu ƙwayoyin halitta na musamman, waɗanda ba su wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na ƙwayoyin hanta ba. Daga gare su ne yawanci wannan sankara ke tasowa.

Likitoci na kasa cutar gida uku gwargwadon inda ta tsiro: a can cikin hanta, ko a bakin hanta inda manyan rassa biyu ke haɗuwa, ko kuma a ƙasa kusa da hanji. Wadda ke tsirowa a mahaɗar ita ta fi yawa, kuma ana kiranta da sunan Gerald Klatskin, likitan Jami'ar Yale ta Amurka da ya yi bayaninta a 1965.

A cikin sankarorin da ke farawa daga hanta, ita ce ta biyu a yawa. A ƙasashen Turai da Amurka, mutane ƙalilan ne cikin kowane dubu 100 ke kamuwa da ita a shekara. A arewa maso gabashin ƙasar Tailan kuwa, an taɓa samun adadin da ya haura mutum 80 cikin dubu 100, wanda babu irinsa a ko'ina.

Alamominta sun haɗa da shawara, da ƙaiƙayin jiki, da fitsari mai duhu, da bayan gida fari-fari, da rama. Matsalar ita ce alamomin ba sa bayyana sai cutar ta yi nisa. Fiɗa ce kaɗai ke iya warkar da ita, kuma waɗanda ake iya yi wa fiɗar ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu cutar ba.

Yaya ƙwayar halitta ke jin matsi?

Ƙwayoyin halitta ba a sarari suke shawagi ba. Kowacce na maƙale ne a jikin wata saƙa ta zaruruwan furotin da ke kewaye da ita, mafi yawa daga ciki kolajin, wato irin sinadarin da ke cikin fata da jijiya.

A jikin fatar ƙwayar akwai wasu furotin da ake kira intagirin, waɗanda ke kama wannan saƙa daga waje, daga ciki kuma suna ɗaure da zaruruwan da ke riƙe da siffar ƙwayar. Ƙwayar kan ja waɗannan zaruruwa a kai a kai. Idan saƙar ta biyo ta, ta san wurin da taushi. Idan ta turje, ta san da tauri. Kusan abin da mai sayen mangwaro ke yi ke nan idan ya latsa shi da yatsa don ya ji ko ya nuna.

Wani gwaji da Dennis Discher da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 daga Jami'ar Pennsylvania ya nuna girman tasirin wannan ji. Sun ɗauki ƙwayoyin halitta iri ɗaya daga ɓargo, waɗanda ba su riga sun zama komai ba, suka ɗora su a kan shimfiɗu masu tauri daban-daban. Waɗanda aka ɗora kan shimfiɗa mai taushi irin na ƙwaƙwalwa suka soma kama da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na kan mai matsakaicin tauri suka nufi zama tsoka. Na kan mai tauri sosai kuma suka nufi zama ƙashi.

Shekara guda kafin nan, a 2005, Valerie Weaver da tawagarta sun nuna cewa lafiyayyun ƙwayoyin mama kan rasa tsarinsu, su soma halin masu sankara, idan aka ƙara taurin saƙar da suke ciki.

Hanya ta biyu ta jin matsi ita ce ta wasu ƙofofi da ke jikin fatar ƙwayar. A 2010 ne ɗakin gwaje-gwajen Ardem Patapoutian da ke cibiyar Scripps a jihar California ya gano su, bayan da wani mai bincike, Bertrand Coste, ya riƙa kashe sinadaran gado 72 ɗaya bayan ɗaya yana tsokalar ƙwayoyin da ɗan siririn gilashi, har ya kai ga wanda idan babu shi ƙwayar ba ta jin taɓawa. An raɗa wa ƙofofin suna Piezo1 da Piezo2, daga kalmar Girkanci mai nufin matsi. Wannan aiki ne ya sa Patapoutian ya samu lambar yabo ta Nobel a 2021, tare da David Julius.

Siffar Piezo1 ta yi kama da fanka mai fukafukai uku. Idan aka ja fatar ƙwayar, sai fukafukan su baje, ƙofar tsakiya ta buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki. Shigar kalsiyam ɗin shi ne saƙon.

Ita wannan ƙofa tana da wani labarin na daban a Afirka. A 2018 masana sun ba da rahoton cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen da ke da asali da Afirka na ɗauke da wani nau'in Piezo1 da ya ɗan bambanta, wanda ke tasiri a jajayen ƙwayoyin jini, kuma ake ganin yana da nasaba da juriya ga zazzaɓin cizon sauro. Wannan dai batu ne na jini.

Gashin da ke auna gudun ruwa

Ƙwayoyin bututun maɗaciya na da wata hanya ta uku. Kowacce na da ɗan siririn gashi guda ɗaya tak, wanda ke miƙe a cikin ruwan da ke wucewa, kamar eriyar rediyo.

A 2006, Nicholas LaRusso da abokan aikinsa na asibitin Mayo da ke jihar Minnesota sun nuna cewa idan ruwa ya gudana ya lanƙwasa wannan gashi, kalsiyam na ƙaruwa a cikin ƙwayar, yayin da wani sinadarin da ke ingiza hayayyafa ke raguwa. Da suka cire gashin, sai ƙwayoyin suka daina amsawa. Ke nan muddin ruwa na tafiya yadda ya kamata, ƙwayar na samun saƙon cewa lafiya lau, ta zauna a yadda take.

Shekaru bakwai bayan haka, a 2013, Sergio Gradilone na wannan cibiya ya ba da rahoton cewa ƙwayoyin sankarar bututun sun rasa gashin nasu, ko kuma ya gajarce ya lalace. Da aka cire gashin daga lafiyayyun ƙwayoyi, sai suka shiga hayayyafa fiye da ƙima. Da kuma aka toshe wani sinadari mai suna HDAC6, wanda ke rushe gashin, sai ya sake tsirowa a jikin ƙwayoyin sankarar, girman ƙullutun kuma ya ragu a jikin dabbobin gwaji.

Haka nan a 2021 wasu masana a birnin Marseille na Faransa sun nuna cewa waɗannan ƙwayoyi na amfani da Piezo1 wajen jin kumbura da miƙewa, kuma idan ta buɗe sukan fitar da wani saƙo ga maƙwabtansu domin a ƙara yawan ruwan da ake zubawa a bututun.

Duk wannan dai tsari ne na lafiya. Bututun da ruwa ke bi dare da rana dole ne ya san ko ruwan na tafiya ko ya tsaya.

Inda saƙonnin ke haɗuwa

Saƙon tauri da na ja na ƙarewa ne a wurin wasu furotin biyu 'yan uwan juna, YAP da TAZ. Aikinsu shi ne su shiga cibiyar ƙwayar, inda kundin gado yake, su kunna umarnin hayayyafa da na hana mutuwa.

A lafiyayyen jiki akwai takunkumi a kansu, wanda masana suka raɗa wa sunan dorinar ruwa a 2003, saboda ƙudajen gwajin da aka lalata musu shi kan tashi da ƙaton kai mai ninkakkiyar fata. Wannan takunkumi shi ke tsare YAP a wajen cibiya idan ƙwayoyi sun cika wuri, shi ya sa hanta kan daina girma idan ta kai girmanta.

A 2011 ne Stefano Piccolo da tawagarsa a Jami'ar Padua ta Italiya suka nuna cewa tauri kaɗai na iya tura YAP cikin cibiya. A kan shimfiɗa mai taushi, YAP na zaune a waje. A kan mai tauri, ƙwayar kan baje, zaruruwanta su ɗaure tamau, YAP ya shige.

Abin da ya sa wannan ya shafi bututun maɗaciya shi ne, nazarin da aka yi a kan ƙullutun da aka ciro daga majinyata ya samu YAP a cikin cibiyar ƙwayoyin a galibin samfuran. A 2015 kuma, Gregory Gores da abokan aikinsa na asibitin Mayo sun haddasa cutar a jikin ɓeraye, ta hanyar zuba sinadarin gadon YAP da na wani furotin mai suna AKT a cikin bututunsu, tare da ba su wani sinadarin da ke tayar da kumburi.

A 2021, wasu masana a China sun ƙulla zaren da Piezo1. Sun ba da rahoton cewa miƙa ƙwayoyin wannan sankara, ko buɗe ƙofar da sinadari, na tura YAP cikin cibiya, ya kuma sa ƙwayoyin su saki juna su soma ƙaura. Da suka rufe ƙofar, yaɗuwar cutar ta ragu a jikin ɓeraye. Ɗaya daga cikin sinadaran da ake rufe irin waɗannan ƙofofi da su a ɗakunan gwaji, daga dafin wani ƙaton gizo-gizo na Kudancin Amurka aka samo shi.

Daga ina matsin ke fitowa?

Idan aka jera abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da wannan cuta, za a ga cewa mafi ƙarfinsu sun yi tarayya a abu guda: suna toshe bututun, ko su raunata shi shekara da shekaru.

Akwai duwatsun da ke taruwa a magudanan cikin hanta, waɗanda suka fi yawa a gabashin Asiya. Akwai kumburar bututun da ake haihuwar wasu da ita, inda ruwa ke kwanciya. A arewacin Turai da Amurka kuma, babban dalilin da aka sani shi ne wata cuta da ke sa tabo ya riƙa naɗe magudanan zobe-zobe kamar ɓawon albasa har su tsuke, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da PSC. Fiye da mutum ɗaya cikin goma na masu ita kan kamu da sankarar a tsawon rayuwarsu.

Idan bututu ya toshe, ruwa kan taru a bayansa, matsi ya ninka, bangon ya miƙe, gudun da ke lanƙwasa gashin ƙwayoyin kuma ya tsaya. Tun shekaru da dama masana suka san cewa idan aka ɗaure bututun ɓera da zare, ƙwayoyin bangon kan shiga hayayyafa cikin 'yan kwanaki. Gwaje-gwaje daga baya sun nuna cewa irin wannan ɗauri na hanzarta girman sankarar a jikin dabbobin da aka riga aka dasa musu ita, ko aka ba su gubar da ke haddasa ta.

A jikin mutane ma ana iya auna abin. Na'urar FibroScan, wadda aka fara amfani da ita a Faransa a 2003, na auna taurin hanta daga waje. Lafiyayyar hanta kan nuna kimanin 5 a ma'aunin kilofaskal, wadda ta ƙanƙance da tabo kuma kan haura 12, wani lokaci ta kai 75, iyakar abin da na'urar ke iya aunawa. A 2008 likitoci a Heidelberg ta Jamus sun nuna cewa toshewar bututun kaɗai na ɗaga wannan adadi ko da babu tabo, kuma yakan sauka da zarar an buɗe hanya ruwan ya wuce.

Misalin Tailan

Babu inda wannan al'amari ya fi bayyana kamar yankin Isan na arewa maso gabashin Tailan da maƙwabciyarta Laos, a gaɓar kogin Mekong.

Mutanen yankin na da wani abinci da suke kira koi pla, wato ɗanyen kifin ruwan daɗi da ake yayyankawa a haɗa da lemun tsami da barkono da ganyaye. A cikin naman kifin akwai 'ya'yan wata tsutsa mai suna Opisthorchis viverrini. Idan mutum ya ci, sai tsutsar ta haura daga hanji ta shige magudanan maɗaciya, inda takan girma ta kai kimanin santimita ɗaya, ta kuma rayu fiye da shekaru goma. Ƙwayayenta na fita ta bayan gida, su shiga jikin dodon koɗi a ruwa, daga nan su koma kifi. A shekarun 2000 an ƙiyasta cewa kimanin mutane miliyan 10 ne ke ɗauke da ita a ƙasashen biyu.

Ɓarnar tsutsar iri-iri ce. Tana da mamatsa guda biyu da take kama bangon bututun da su, tana ja tana gurje shi yayin da take ci ko tafiya. Idan tsutsotsin sun yi yawa, su da ƙwayayensu kan cushe ƙananan magudanai. Tana kuma fitar da wani furotin mai sa ƙwayoyi hayayyafa, wanda masana daga Jami'ar Khon Kaen da abokan aikinsu na Ostireliya da Amurka suka bayyana a 2009. Jiki kuma na mayar da martani da kumburi da tabo, har bangon bututun ya yi kauri ya taurare ta yadda ake iya ganinsa a na'urar ɗaukar hoton ciki.

Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Lyon, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya tsutsar a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara a 1994. 'Yar uwarta Clonorchis sinensis, ta China da Koriya da arewacin Vietnam, ta shiga rukunin a 2009.

To sai dai wani gwaji da aka wallafa tun 1978 daga birnin Bankok na da darasi a nan. An raba wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera da ake kira hamsta, aka sa wa wasu tsutsar kaɗai, aka ba wasu ɗan kaɗan na gubar naitirosamin kaɗai, wasu kuma aka haɗa musu biyun. Waɗanda aka haɗa wa biyun ne suka kamu da sankarar. Irin wannan guba kuwa ana samunta a ruɓaɓɓen kifin gishiri da mutanen yankin ke yin miya da shi.

Wato rauni da matsi na tilasta wa ƙwayoyin su yi ta rabuwa, gubar kuma na lalata kundin gadonsu. Ƙwayar da ke rabuwa ba hutu ta fi saurin kwafe kuskure ta miƙa wa 'ya'yanta.

Akwai kuma misalin da guba ce kan gaba. A 2012 an gano cutar a tsakanin matasan ma'aikatan wata maɗaba'a a birnin Osaka na Japan, waɗanda suka daɗe suna shaƙar sinadaran wanke tawada a wurin da iska ba ta shiga sosai.

Yadda ƙullutun ke gina wa kansa ganuwa

Da zarar sankarar ta kafu, sai lamarin ya zama zagaye. Ƙwayoyinta na fitar da saƙonnin da ke jawo ƙwayoyin hanta masu yin tabo, su kuma su yi ta zuba kolajin. Wani sinadari mai suna LOX na ɗinke zaruruwan da juna, saƙar ta ƙara tauri. Taurin na tura YAP cikin cibiyar ƙwayoyin sankarar da ta masu yin tabon baki ɗaya, kowanne ya ƙara ƙaimi.

Ƙullutun da kansa kuma na matse bututun da ya tsiro a ciki, ya haifar da toshewar da tun farko ke cikin abubuwan da suka taimaka masa.

Rakesh Jain na babban asibitin Massachusetts ya shafe shekaru yana nuna wata illar ta daban a ƙullutai masu tauri: matsin da ke cikinsu na danne jijiyoyin jini har su rufe. Maganin da aka ɗura wa majinyaci ta jini ba ya isa tsakiya, ƙwayoyin garkuwar jiki ma haka, ƙarancin iskar shaƙa kuma na ƙara wa ƙwayoyin sankarar zafin hali.

Wannan na cikin dalilan da ake bayarwa na ƙarancin tasirin magani a kan cutar. Gwajin da aka gudanar a Birtaniya aka kuma wallafa a 2010, wanda ya kafa haɗin magungunan gemcitabine da cisplatin a matsayin tushen jinya, ya ɗaga matsakaicin tsawon rayuwar majinyatan da cutar ta yi nisa ne daga wata 8.1 zuwa wata 11.7.

Tausasa ƙullutun zai warkar?

A nan ne gizo ke saƙar. Tunanin farko shi ne, tun da tauri na taimaka wa cutar, to a narkar da tabon. Ƙoƙarin da aka yi ta wannan hanya bai haifar da ɗa mai ido ba.

Kamfanin Gilead ya gwada wani magani mai suna simtuzumab, wanda ke toshe ɗaya daga cikin sinadaran da ke ɗinke kolajin, a kan masu cutar PSC da kuma masu sankarar fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, wadda sankararta ma ke da irin wannan tauri. Bai yi amfani ba, aka kuma watsar da shi. Wani maganin da ke narkar da wani ɓangare na saƙar ya faɗi a babban gwaji kan sankarar fankiriyas a 2019. Tun a 2014 ma, rukunoni biyu na masana a Amurka sun ga cewa kawar da ƙwayoyi masu yin tabo daga ƙullutun fankiriyas na ɓeraye ya sa cutar ta ƙara muni, dabbobin suka fi saurin mutuwa. Garin neman gira aka rasa ido, domin ganuwar da ke hana magani shiga tana kuma tsare cutar a wuri guda.

A kan sankarar bututun maɗaciya kanta, binciken da ya fi jan hankali shi ne wanda Silvia Affo da Robert Schwabe na Jami'ar Columbia da ke New York suka wallafa a 2021. Sun tabbatar da cewa ƙwayoyi masu yin tabo na taimaka wa cutar, domin da aka rage su ƙullutun ya ragu. Amma da suka hana su yin babban nau'in kolajin, ƙullutun ya yi taushi, girmansa kuwa bai sauya ba. Abubuwan da suka gano suna ciyar da shi su ne wani sinadari mai yauƙi da ke riƙe ruwa a cikin saƙar, da kuma wani saƙon hayayyafa da ƙwayoyin ke fitarwa.

Wannan sakamako ya kamata ya rage zumuɗin masu ganin tauri ne ummul'aba'isin komai. Hujjar da ke nuna cewa ƙwayoyin bututun na jin matsi tana da ƙarfi. Wadda ke nuna cewa YAP na ingiza cutar ita ma tana da ƙarfi. Amma mafi yawan abin da ke haɗa biyun daga faranti da ɓeraye ya fito, kuma a jikin majinyaci matsi ba ya zuwa shi kaɗai. Toshewar da ke miƙa bango ita ce kuma ke tara ruwa mai ƙuna a kan ƙwayoyin, ta jawo ƙwayoyin cuta da kumburi, kuma YAP na amsa waɗannan ma.

Saboda haka hankali ya fi karkata yanzu ga katse saƙon a can ciki, maimakon rushe ganuwar. Kamfanoni da dama sun shiga gwajin farko a jikin mutane na magungunan da ke hana YAP haɗuwa da abokin aikinsa a cibiyar ƙwaya, galibi a kan wata sankarar da ke kama mayafin huhu. Ita kuwa Piezo1, wahalarta ita ce tana cikin jijiyoyin jini da jajayen ƙwayoyin jini da ƙashi, don haka rufe ta a jiki baki ɗaya na tattare da haɗari.

Ci gaban da majinyata suka gani a zahiri ta wasu hanyoyin ya zo. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da pemigatinib a 2020, domin masu wani lahani a sinadarin gadon FGFR2, wanda ake samu a kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu nau'in cutar na cikin hanta. Ta amince da ivosidenib a 2021 domin masu lahani a IDH1, sannan da durvalumab a 2022, wanda ke zaburar da garkuwar jiki, a haɗe da tsofaffin magungunan biyu.

Wani abin da likitoci suka daɗe suna yi shi ne zura ɗan bututun roba ko na ƙarfe a wurin da ya toshe domin ruwan ya wuce. Ba ya kashe sankarar, amma yana sauke matsin, ya kawar da shawara da ƙaiƙayi, ya kuma ba hanta damar jure magani.

A Afirka ta Yamma fa?

Tsutsotsin biyu da ke haddasa cutar a Asiya ba sa rayuwa a ruwayen Afirka. Sankarar hantar da ta fi kashe mutane a Najeriya da Nijar ita ce wadda ke tasowa daga ainihin ƙwayoyin hanta, kuma babban sanadinta ciwon hanta nau'in B ne, tare da gubar funfuna da ke kama gyaɗa da masara.

Sai dai ciwon hanta nau'in B da na C, da ƙanƙancewar hanta da suke jawowa, na cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sankarar magudanan cikin hanta, kuma taurarewar hanta na tsakiyar wannan alaƙa. Allurar rigakafin nau'in B tana cikin waɗanda ake yi wa jarirai a ƙasashen biyu.

Shawara kuma kalma ce guda da ke ɗauke da cututtuka da yawa, kuma sau tari da jiƙe-jiƙe ake fara tunkararta. Wadda ta zo wa babba tare da ƙaiƙayi da farin bayan gida da rama alama ce ta toshewa, kuma hoton ciki na iya nuna ko magudanan sun kumbura.

A Tailan, inda maganin praziquantel ke kashe tsutsar amma mutane ke sake kamuwa da zarar sun koma cin ɗanyen kifi, Jami'ar Khon Kaen ta ƙaddamar da wani shiri a 2013 na bin ƙauyukan Isan da na'urar hoton ciki, ana duba waɗanda suka haura shekara 40. Cikin abubuwan da likitocin ke nema akwai kaurin tabon da ke kewaye da magudanan, kuma wanda aka same shi da shi akan sa shi cikin waɗanda za a riƙa sake dubawa lokaci zuwa lokaci.